Sunan Da Inna Ba Ta Faɗi

Ni ce ɗiyar farin Inna, shi ya sa na girma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka ake yi a ƙauyenmu, can wajen Kanan-Bakashe. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ake ce ma abin, har yabon mace ake yi da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kaka, uwar Inna, a hannunta na tashi. In Inna ta zo gaisuwa ta iske ni cikin rana, sai ta kau da kai ta ce da iska, "A ce ma yaran gidan nan su shiga inuwa." Ni kaɗai ce yarinya a gidan. Tun ina ƙarama abin ke ci mini rai, kuma har yau in na ji ana yabon wannan al'ada sai in tashi in bar wurin.

A wurin Kaka na fara ganin ciwon gidanmu. Shekarar babbar yunwa ce, zamanin mulkin soja, ana rabon jar dawa a Mayahi. Kaka ba ta tsufa ba, ko furfurar kirki ba ta yi ba, amma sai ta ɗora tukunya a wuta babu ruwa, ko ta tambaye ni ina mijinta wanda ya daɗe a ƙasa. Mutane suka ce yunwa ce ta taɓa mata kai. Yunwa ta wuce, hatsi ya dawo rumbu, Kaka ba ta dawo ba. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yanka jar akuya, duk a banza. Ta rasu ba ta san ko ni wace ce ba. Daga baya na ji cewa ubanta ma haka ya ƙare, da wani ƙanenta. A gidanmu ba a jiran tsufa kafin a yi gigi.

Shekaru suka ja. Na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, Baba ya rasu, autan Inna kuma karatu ya kai shi har Faransa, yana aikin jinya a wani asibiti. Shi Auta, sunansa ya sha kira, safe da yamma, har da kirari. Wata rana ya bugo mini talho.

"Yaya, abin nan na gidanmu ba iskoki ba ne. A jini yake, gado ne kamar wushirya. Kuma akwai likitoci nan da ke gwada wani magani a kan iyalai irin namu. Allura ce ake ƙara ma mutum lokaci-lokaci."

Na ce, "Tana warkarwa?"

"Ba su sani ba, gwaji ne. Fatansu ta tare ciwon kafin ya iso. Shi ya sa ba su ɗaukar kowa sai wanda ke da abin a jini kuma bai fara ruɗewa ba. In ya fara, shi ke nan, ba su karɓa."

Inna lokacin ta kusa kai shekarun da Kaka ta fara. Auta ya zo da kansa, ya lallaɓa ta har Yamai aka ɗibi jininta. Ya so a ɗibi nawa, na ce masa jinina na nan inda Allah Ya ajiye shi, kada ya dame ni. Sakamako ya fito, Inna na ɗauke da shi. Auta ya yi ta kai da kawo har likitocin can suka yarda za su duba ta in ta iso da hankalinta. Saura kawai a fitar da ita daga ƙasa.

To, a daidai nan komai ya cije. Daminar da ta wuce ba ta yi ba, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, sai kuma soja suka sake karɓar mulki. Duk biron gwamnatin da Auta ya sa aka je neman takardun tafiya, sai a ce shugaban wurin sabo ne, a dawo. Fasfo ya kwana, ya wuni, ya ƙi fitowa. Auta na can yana kallon kwanaki na tafiya, ni ina nan ina zagin mutanen da ban taɓa gani ba.

Da aka ba mu hutun damina ya ce, "Yaya, ki koma gida ki zauna da ita, ki sa mata ido. Ki riƙa yi mata tambayoyi. Yau wace rana ce, mi ta ci jiya, 'ya'yanta nawa, mi ne ne sunayensu."

Na yi dariya, ba ta daɗi ba. "Kai, Auta, Turai ta wanke maka kai? Ni zan tsare Inna in ce ta faɗi sunan 'ya'yanta? Ni?"

Ya ce, "To ki dai duba."

Na hau kabu-kabu na tafi. Gidan babu kowa sai Inna da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo zama da ita bayan rasuwar. Mazan ƙauyen duk sun tsallaka Najeriya bidar abin kai wa baki. Anza ake ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Inna ta tarbe ni yadda ta saba. Ta dubi bango ta ce, "A ce ma baƙi sannu da hanya." In an gama abinci ta ce ma Gwaggo, "A ce ma masu karatu tuwo na hucewa." Ina zaune kusa da ita, gwiwata na kusan taɓa tata.

Don Allah, matar da ba ta taɓa yi maka magana ba, ta yaya za ka gane shirunta ya canza? In ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ai haka take wuce ni tun ina rarrafe. In na gaishe ta ta yi jim ba ta amsa ba, kunya ce ko mantuwa? Wata rana ta kawo anza da ɗacinsa, ko akuya ba za ta iya ba. Gwaggo ta ce ruwa ne ya yi wuya, rijiya ta yi nisa, wa ke da ruwan sauyawa kullum a bana? Gaskiya ta faɗa. Wata rana tabarmar kabar da take saƙa ta karkace, gefe guda ya fi guda. Gwaggo ta ce kabar bana ce ta bushe, mai yunwa kuma hannunsa rawa yake. Nan ma gaskiya ta faɗa. Bayan rumbu kaɗai ake samun rezon talho a gidan, can nake tsayawa in ce ma Auta ban ga komai ba, don ban gani ba.

Ran nan da hantsi, bayan an samu ruwan sama mai ɗan dama, ina durƙushe gaban randa ina wanke anza, Gwaggo na tsinkar tafasa a faifai. Sai na ji an kira sunana. Sunan yanka, cikakke, ba a rage komai ba. Na juya wajen ƙofa ina zaton wata ƙawar ƙuruciya ce ta shigo. Ba kowa. Aka sake kira.

Inna ce. Tana zaune kan turmin da aka kife, ta zuba mini ido sosai, tana murmushi. Ban taɓa sanin cewa idonta na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta ba sai ranar.

"Zo nan mana. Dubi kanki, wa ya bar ki haka? Zo in gyara miki."

Faifai ya suɓuce daga hannun Gwaggo. Ta ce, "Innalillahi," ta rufe baki da gefen zanenta. Ita ta gane, ni ma na gane, tun kafin in miƙe. Duk macen ƙauyenmu da ta ji abin da muka ji, ba ta bukatar likita ya yi mata bayani.

Amma na tashi na je. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta cire mini kallabi, ta shiga tsifa. Hannunta na warin hayaƙi da kaba. Tana tsifa tana magana, tana maimaita sunan nan kamar mai tsotsar alewa.

"Kin ci abinci? Kada ki yarda su kai ki gidan innata, kin ji? Ni ban so. Nonona sai zuba yake, zanena duk ya jiƙe, sun ce in na yi kuka za a yi mini waƙa a bakin rijiya. Ki ɓoye bayana, ba su ganin ki."

Mace ce ni mai 'ya'ya, mai aji cike da yara da ke tsoron muryata, na kifa kai a gwiwarta na yi kuka har da majina. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Daɗin da ban taɓa ji ba, kuma na san sarai abin da aka biya da shi. Ta yi mini kitso, layukan duk a karkace, tana ja da zafi. Da ta gama ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona.

Bayan la'asar talho ya yi ƙara. Na zagaya bayan rumbu. Tun kafin in yi sallama Auta ke ihu.

"Yaya, an samu! Fasfo ya fito, biza ma sun ce ba matsala. Ki fara haɗa mata kaya, ki saya mata rigar sanyi!"

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Auta, yau Inna ta kira sunana."

Ina jin motocin garinsu na wucewa.

"Na yanka?"

"Na yanka. A gaban Gwaggo."

"Wataƙila suɓutar baki ce."

"Ta yi mini kitso."

Ya ja numfashi, sai ya fara magana da sauri, yana haɗawa da Faransanci kamar yadda yake yi in ya ruɗe. Ya ce likitocin can ba su san wannan ba. A wurinsu uwa ta kira sunan ɗiyarta ba wani abu ba ne, in ma aka gaya musu cewa za su yi alamar lafiya ce. Mu yi shiru kawai mu kawo ta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mu kawo ta ta tambaye su ko Baba ya dawo daga gona? Ta ce mini in ɓoye kada a kai ni gidan Kaka, Auta. Ranar farko za su gane. Sai mu ɗauke ta daga ɗakinta, mu kai ta cikin sanyi, wurin mutanen da ba su jin Hausa, don su gaya mana abin da Gwaggo ta sani tun da hantsi?"

Kuka yake, irin na maza, wanda ake yi ana haɗiyewa. Ya yi shekaru yana bin wannan hanya, ya yi roƙo a ƙofofin da ban san adadinsu ba. Na tausaya masa har cikin raina, amma kaina na zafi da kitsonta kuma ban son a tsefe shi.

Can ya ce, "Zan gaya musu su ba wani gurbin Inna."

Sai ga muryar Inna daga tsakar gida, da ƙarfi, tana jan ƙarshen sunan yadda ake kiran yaron da ya daɗe wurin wasa. Ta kira, ta sake kira.

Auta ya ce, "Ita ce?"

Na ce, "Ita ce."

"Ashe haka take faɗin shi. Tafi, Yaya, tana kiranki."

Na kashe talho, na amsa da ƙarfi yadda duk maƙwabta za su ji, na tafi da gudu.