Kashin Shanu Mai Biza

Da ƙanena ya dawo Kumasi daga Italiya, inda yake aiki a gonar inabi, ya ishe mu da labarin giyar ubangidansa. Rantsuwa yake bai taɓa kurɓa ba, amma ɗanɗanonta har ya fi mai ita sani. Wai abin da ya sa take tsada, ba a sa wa inabin takin zamani. Kashin shanu ake ɗurawa a ƙaho a binne, kuma sai an duba wata kafin a yi shuka.

Innarmu ta dire kofin sobolonta, wato zoɓo, ta ce, "Kai, rufe mana baki! Har kakanka ya rasu yana duban wata yana zuba kashin shanu a Bawku, kuna ce masa baƙauye. Ashe biza kawai kashin ya rasa."