Ranar da aji ya zo duba ni

Ko da zan manta da duk garuruwan da na taka, ranar da aji guda ya zo dubiyata ba za ta fita raina ba.

Ni direban tirela ne, na fi shekara ashirin a kan hanya. Na je Agadas, na je Kwatano, Legas kuwa kamar bayan gidanmu. Amma duk yawon nan, in aka miƙo mini takarda a shingen hanya sai in ce tabarau na baro a mota. Ban taɓa mallakar tabarau ba. Da na gaji da wannan ƙarya, sai na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata firamare a Ƙofar Ƙaura.

Malaminmu tsohon hedimasta ne, ɗan siriri, ba ya ɗaga murya. Ranar farko ya kafa dokoki. Ba a yi wa kowa dariya. Waya a kashe. Sannan duk wanda ya yi fashin kwana uku, ajin zai bi shi gida. Ni na fi kowa yaba wannan ta ƙarshe. Har miƙewa na yi na ce, “Malam, haka ya kamata a yi wa ragwaye.”

Wata biyu da farawa aka fito da ni gaban allo in karanta layi ɗaya. Na tsaya, na tsaya, haruffan suka ƙi haɗuwa. Wani ɗan acaɓa daga Ɓatagarawa, wanda na kusa haifa, ya tashi ya karanta shi tas. Ba wanda ya yi dariya, doka ta hana. Wallahi da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. A hanyar gida na yanke shawara ni da aji har abada, na ce wa maiɗakina duk wanda ya tambaya, zazzaɓi nake.

Rana ta huɗu, ana idar da la'asar, na ji ƙarar babura a ƙofar gida. Maiɗakin ta leƙa ta dawo tana danne dariya.

“Alhaji, baƙinka ne. Har da allo suka ɗauro a keke mai ƙafa uku.”

Lokacin bazara ne, amma bargo na jawo na lulluɓa, na fita zaure ina takawa da ƙyar. 'Yan ajinmu ne, dattawa da samari, suka cika tabarmi. Aka yi ta gaisuwa, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya sa kaffara ne, ina amsawa da muryar da ni kaina na ji tausayinta. Wani mai sayar da maganin gargajiya da muke benci ɗaya ya zaro gora.

“Ɗan'uwa, dafaffen ganyen darbejiya ne. Shanye shi duka a gabana, in ga ƙarshen zazzaɓin nan.”

Na shanye. Har yau in na wuce ƙarƙashin bishiyar sai bakina ya tuna.

Malam ya sa aka jingina allo da bango, ya rubuta layin nan dai da ya kayar da ni. Bai kira ni ba. Ya zauna kusa da ni, aka yi ta bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, aji na amsawa, ni ina zufa cikin bargo. Can sai na ji bakina yana bin su. Kafin magariba na karanta layin a hankali, yadda Malam kaɗai zai ji.

Da za su tafi ya sunkuyo ya ce, “Alhaji, na san irin wannan zazzaɓi, yana kama manya sosai. Kada ka matsa wa kanka. Gobe ma muna nan tahe, da gorar, har sai ka samu lahiya.”

Washegari ni na riga mai gadi zuwa makaranta.

Mun gama shekarar ba wanda ya zame. Sau biyu aka sake fita irin wannan dubiya, kuma ni na ɗauki allon, ni na tuna wa mai magani kada ya manta gorarsa. Yanzu takardun mota da kaina nake karantawa, kuma abin haushi, likita ya ce da gaske ina bukatar tabarau.

Abin da na koya shi ne, babba ba ya barin karatu don wuya, kunya ce ke korarsa. Abin da ke dawo da shi kuwa, ya san in kujerarsa ta zama wayam, akwai wanda zai lura, ya kuma biyo shi har zaure.