Juma'ar da Aka Goge Mini Linux

Ko na manta sunan unguwar da na zauna a Kuala Lumpur, ba zan manta Juma'ar da aka gyara mini kwamfutar da lafiyarta ƙalau ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Lokacin ina digiri na biyu, muna haya a unguwar Sentul, duk 'yan Arewa. Linux ce a kan kwamfutata, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, kuma a kanta duk bincikena yake. Abokan zamana kuwa kowace Asabar sai su jona kwamfutocinsu su yi wasan harbe-harbe, ɓangare da ɓangare. Wasan ya ƙi tashi a tawa ko da wace dabara, sai aka mayar da ni mai sauka sayo shinkafa.

Na sha alwashin samo wasan da zai yi a tawa da tasu. Na yi makonni ina tono a dandalin masu Linux. Wani ka shiga ka tarar kai kaɗai ne kake zagaya kango da bindiga, wani kuma yana kamawa sauti ya ɗauke. Wata Alhamis na dace da mai kyau, mai sauri, cike da 'yan wasa. Na yi gum, wai sai Asabar in ba su mamaki.

Babbanmu a gidan, malamin jami'a ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya muke ce masa. Ya sha ganin baƙin allon kwamfutata da rubutu na gudu, sai ya yanke wa kansa cewa rashi ne ya hana ni sa Windows, kunya kuma ta hana ni faɗa. Ranar Juma'a na bar kwamfutar a falo, daga masallaci na wuce makaranta. Da la'asar na dawo na tarar kowa na murmushi.

"Ƙanena, problem ɗinka ya ƙare," in ji Yaya. "Na kai ta wani shago a Bukit Bintang an yi formatting, an goge ta tas, an sa maka Windows original. Game ɗin ma yana ciki."

Na ce, "Yaya, files ɗina fa?"

"Mai shagon ya duba, ya ce babu komai a ciki."

Ina zai gani, tunda Windows ba ta karanta ajiyar Linux? Aikin zangon karatu guda ne ya tafi, kwafin da na ajiye a waje kuwa tsoho ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba damar yin faɗa. Mutum ya girme ka, ya bar harkokinsa ya sha rana dominka, ga jama'a sun zuba ido suna jiran godiya. Na kuwa yi godiyar, muryata na rawa, suka ɗauka farin ciki ne.

Sai da na ƙara zango kafin na kammala, 'yan ajinmu suka koma gida suka bar ni. Wasan da na samo, har muka rabu ban gaya musu ba.

Tun daga nan, in zan taimaki mutum sai na fara tambayarsa, ko da ƙanena ne. Da ɓarawo ne ya ɗauke kwamfutar nan, aƙalla da na samu wanda zan zaga.