Yadda Aka Tashi Rumfar Ɗanasabe

Ni malamin makaranta ne a Funtuwa, sunana Mannir, kuma ban cika riƙe mutum a zuciya ba. Amma duk ranar da na bi ta hanyar Zariya na ga inda rumfar Ɗanasabe take a da, an mayar da ita wurin facin taya, sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

An haifi Ɗanasabe a wani ƙauye da ke bayan Ƙarfi. Mahaifinsa Bamaguje ne, manomin dawa da auduga, a kan addinin kakanninsa ya rayu har ya mutu. Shi Ɗanasabe tun yana saurayi ya musulunta, ya auri Ladidi, suka ci gaba da noma. Shekarar da tsutsa ta cinye masa masara ne ya ji ana ɗaukar leburori a sansanin wasu 'yan Cana masu aikin hanya, ya tafi. Da yake yana ɗan jan ƙafar hagu, ba su ba shi shebur ba, sai suka tura shi kicin wankin tukwane.

A can ya tarar da wani tsohon kuku ɗan Cana. Tsohon ba ya jin Hausa, Ɗanasabe ba ya jin yarensu, da nuni suka yi ta fama. In ya yanka citta da kauri, tsohon ya daka masa ludayi a bayan hannu. Abu ɗaya Ɗanasabe ya kafe a kai tun ranar farko, ba zai taɓa naman alade ba, ko tukunyarsa ba zai wanke ba. Suka yarda, suka ware masa nasa kayan girki. Shekara tara ya yi a wurin. Da aka gama aiki aka kwashe sansanin, ya ɗauko Ladidi suka zo Funtuwa, ya sa maƙeri ya buga masa wani kasko mai zurfi irin nasu, ya kafa rumfa. Tebur uku ne da benci, sai wani lungu da Ladidi ta tare da labule saboda mai zuwa da iyalinsa.

Kifi ba baƙo ba ne a garin nan, muna da na gashi muna da na suya. Na Ɗanasabe ne daban. Karfasa yake kawowa daga wurin masuntan dam ɗin Mairuwa da ranta, ya tsattsaga ta, ya cusa citta da tafarnuwa, ya turara ta kamar yadda ake turara dambu, sannan ya zuba lawashi a kai ya kwara mai mai zafi har ka ji yana ƙara. Yana soya taliya da kabeji da karas. Yana soya shinkafa da ƙwai da jatan lande, wannan 'yar halittar ruwa da ake kawowa busasshiya daga kudu. Ma'aikatan banki suka gane wurin, direbobi suka gane, mu malamai muka gane. Ni dai a nan na fara fita cin abinci da matata Sa'adatu, bayan shekara goma sha ɗaya da aure.

Wata Juma'a bayan la'asar muna bayan labulen, ni da ita, sai Maharazu ya iso da abokansa. Ɗan Alhaji Aƙilu ne, babban ɗan kasuwar hatsi, kuma sana'arsa da aka sani ita ce ɗaukar bidiyo da waya. Ina jin sa yana cewa, “Kai mai kifi, a tashi na ciki, mu can za mu zauna.”

Ɗanasabe ya ce, “Malam Mannir ne da iyalinsa. Ga benci nan, ku zauna.”

“Ka san ko ni wane ne?”

“Na san mahaifinka. Ga benci nan.”

Suka zauna suna gunaguni. Aka kawo musu shinkafa. Maharazu ya tsamo jatan lande ɗaya da cokali, ya kunna waya, ya fara kiran innalillahi, wai kyankyaso ne. Kafin Ladidi ta tare shi ya zagaya bayan rumfa. Akwai baho a nan da gaiwa biyu a ciki, wannan dogon kifin na laka da kowane ɗan ƙauye ya sani, wani direba ne ya ce a ajiye masa don farfesu. Maharazu ya haska su da waya yana ihu, “Jama'a ku gani! Macizai! Abin da ake ba Musulmi ke nan a Funtuwa!”

Na fito na ce masa ya ji tsoron Allah, gaiwa ce. Ya yi dariya, ya shiga mota.

Washegari bidiyon yana cikin kowace waya. Ya ɗora murya a kai, yana cewa mutumin nan Bamaguje ne, kuma ya zauna da 'yan Cana masu cin komai, to me ake jira daga gare shi? Har a zauren malaman makarantarmu na waya aka turo shi, kuma wanda ya turo, malamin kimiyya ne, wanda da kansa ya sha cin shinkafar nan yana neman ƙari. Na rubuta cewa ina wurin, gaiwa ce da jatan lande. Aka ce min ai gara a yi hattara.

Cikin mako guda bencin Ɗanasabe ya zama ba kowa. Duba-gari suka zo, suka buɗe tukwane, suka leƙa baho, babbansu ya ce a garin nan bai ga kicin mai tsabtar wannan ba. A baki ya faɗa, ya hau babur ya tafi, ba wanda ya ɗauke shi a waya. Matan unguwa suka daina karɓar abinci daga hannun Ladidi ko a gidan suna. Duk wannan Ɗanasabe ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa a masallaci ya faru. An ta da sallar azahar, ya shiga sahu, sai wani maƙwabcinsa da suka shekara shida suna haɗa kafaɗa ya janye, ya koma sahun baya.

Da safe ya aiko a kira ni. Na same shi ya ɗaura gammo, ya ɗora bahon a ka, da wata gaiwa a ciki tana motsi. Idonsa ja wur.

Ya ce, “Malam Mannir, kai ne shaidata. Mu je.”

A ƙasa muka taka har kasuwar hatsi, yana jan ƙafa, ruwa na zubo masa a riga, mutane na bin mu da kallo. Ya dire bahon a gaban Alhaji Aƙilu, tsakanin buhunan masara, ko sallama bai tsaya ya gama ba.

“Alhaji, mene ne wannan?”

Alhaji ya leƙa. “Gaiwa mana. Lafiya?”

“Ka tabbata? Ba maciji ba?”

“Haba, Malam Ɗanasabe, mu da muka haƙo ta a fadama muna yara.”

“To ɗanka ya gaya wa duniya maciji ce. Ya ce ni Bamaguje ne. E, ubana Bamaguje ne, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji ya yi wa wani ƙazafi ba. Shekara talatin da biyu ina kai goshina ƙasa. Shekara tara ina cikin mutanen da ba su san alƙibla ba, ko tukunyar alade ban taɓa ba. Jiya kuma an guje ni a sahu saboda na hana ɗanka ya tashi mutum da matarsa daga kan abinci!”

Muryarsa ta cika layin, masu dako suka sauke buhu suka tsaya. Alhaji ya fara abin da aka saba, wai yaro ne, a yi haƙuri, a rufa asiri.

Ɗanasabe ya ce, “Yaro? Yana da mata da 'ya'ya biyu! Asirin wa za a rufa? Nawa an riga an tona, da ƙarya ma.”

Alhaji ya sa hannu a aljihu. Ɗanasabe ya ce kada ya kuskura, ba bara ya zo ba. Abin da yake so, a kira Maharazu, ya tsaya a kan bahon nan, ya faɗi gaskiya a cikin wayar da ya yi ƙarya.

An kira shi, ya zo yana cin magani. Ya yi bidiyon, kansa a ƙasa, ya ce an samu rashin fahimta, kifi ne. Bai ce ya yi ƙarya ba, bai ambaci maganar Bamaguje ba. Ɗanasabe ya ce a sake. Alhaji ya ce ai ya isa haka, mutanen kasuwa ma suka ce ya isa, kada ya cika tsanani. Haka muka dawo.

Na tura sabon bidiyon duk inda na sani. Ba wanda ya ƙara tura shi gaba. Na farkon kuwa har wani ɗan'uwana da ke Legas ya turo min yana tambaya wai gaskiya ne.

Wata bakwai Ɗanasabe ya ƙara yana buɗe rumfar don taurin kai. Ni da Sa'adatu da wasu direbobi kaɗan ne ke zuwa. Kifi ba ya jiran mai saye, abin da ya kwana sai Ladidi ta banda shi. Ranar da ya yanke shawara bai yi sallama da kowa a unguwar ba. Ya kira mota, suka loda kaya, suka koma Malumfashi.

Yanzu yana kusa da tasha a can, yana gasa tarwaɗa a kan ragar ƙarfe da yaji kamar kowane mai kifi. Ciniki yana tafiya daidai gwargwado. Na je wurinsa bayan ƙaramar salla, na roƙe shi ya koma yin girkinsa na da, ko da ranar kasuwa kawai. Ya juya kifi bai dube ni ba.

Ya ce, “A'a. Su ci abin da suka sani.”

Na ce mutanen Malumfashi ba su yi masa komai ba.

Ya ce, “Su ma suna da waya.”

Ladidi ta gaya min cewa Alhaji Aƙilu ya aiko har sau biyu yana neman gafara a madadin ɗansa, Ɗanasabe ya ce wa ɗan aiken ba da Alhaji yake ba, wanda ya yi maganar yana da baki kuma ya san hanyar Malumfashi. Har yau Maharazu bai je ba. Yana nan yana yawo gidajen abinci na Kaduna da Kano yana ɗaukar kansa yana ci, mabiyansa sai ƙaruwa suke.

A makon da ya wuce, malamin kimiyyar nan namu ya tare ni a ofis, yana cewa matarsa na da ciki, ba abin da take marmari sai kifin nan mai citta, ko na san inda mutumin ya koma? Na ce na sani. Ya ce ina ne? Na tattara littattafaina na shiga aji.