Ƙarshen Kyaftin Dogon Wuya

Duk wanda talabijin ɗinsa ya taɓa mutuwa tsakanin Fagge da Sabon Gari, da wuya a ce bai san Musiliu ba. Shekara talatin da ɗoriya yana gyara a wani ɗan shago da ke bayan kasuwa, tun zamanin masu ƙatuwar ƙeya har zuwa waɗannan falan-falan ɗin da yake cewa ba don a gyara aka yi su ba. Bayarabe ne haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi Yarabancinsa, abin da matarsa Sherifat ba ta gajiya da yi masa gori a kai. Mutum ne mai saurin fushi, mai saurin hucewa, kuma ba ya ɓoye-ɓoye: idan kayanka ya mutu murus zai ce maka ka kai bola. Ƙarya ɗaya ce tak a wuyansa, ita kuwa ta kusa shekara arba'in.

Suna yara, akwai wani shirin Turawa da ake nunawa duk Asabar bayan la'asar, na wani jirgi da ya ɓace a sararin samaniya yana neman hanyar gida. Ba wanda ya iya faɗin sunan shirin, sai suka raɗa wa jagoran jirgin Kyaftin Dogon Wuya, mutum-mutumin ƙarfen da ke binsa kuma Garwa. Duk layin a gidan su Ari ake kallo, wani yaro Babarbare da babansa direban babbar mota ne. A shekarar uban ya yi lodi ya nufi gabas, aka ga motar, ba a gan shi ba. Ari ya daina wasa, ya daina magana, sai dai ranar Asabar ya zauna daf da akwatin yana jiran ya ga ko Kyaftin zai koma wa ɗansa.

Ranar kashi na ƙarshe, ana fara kiɗan shirin aka ɗauke wuta. Musiliu ya zura da gudu gidan kawunsa a Sabon Gari, inda akwai janareta. Janaretan ya ƙi tashi. Da ya dawo ya tarar da Ari a ƙofar gida ya zuba masa ido, sai kawai bakinsa ya buɗe. Ya ce jirgin ya sauka, Garwa ya ƙone kansa don ya ba injin wuta, Kyaftin ya fito yana ɗingishi, ɗansa ya ruga ya rungume shi. Har da karen gidan Kyaftin ya saka a ciki.

To, abin haushin, labarin bai mutu ba. Ari ya girma ya zama Alhaji Ari mai turaren wuta, yana zaune Kwaciri. Boniface, mai sayar da kayan gyaran lantarki a layin da ke kusa, ya shigo cikinsu don shi ma ya kalli shirin yana yaro. Kullum da yamma su biyu suna kan bencin shagon Musiliu, sun tare wa masu kawo gyara hanya, suna musu a kan ko Garwa yana da rai. Da musun ya yi zafi sai a juyo: "Musiliu, kai ka ga ƙarshen, faɗa masa." Shi kuma ya sunkuyar da kai cikin waya da dalma, ya yi kamar bai ji ba.

Bana 'ya'yansa suka biya masa kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana neman gafara, har wani tela da suka yi cacar baki tun shekara goma. Kowa ya yafe. Saura mutum ɗaya, kuma Musiliu ya ƙudurta ba zai ɗaura harami da wannan abu a wuyansa ba.

Saura kwana biyu a kira su sansanin alhazai, sai ga Alhaji Ari da Boniface, da Khairiyya 'yar Alhajin, wadda ta karanci harkar fim, riƙe da waya a kan sanda. Wai za ta sake shirin da Hausa. Ta duba intanet ta sami guntaye, amma kashi na ƙarshe ko sama ko ƙasa.

Kafin ta gama bayani an kaure da musu. Alhaji Ari ya ce dole a sa liman a jirgin.

"Liman ina zai kalla?" in ji Boniface. "Kun wuce duniya, ina gabas ɗin?"

"Ba ruwanka da gabas ɗinmu. Kai dai ka faɗi naka."

"Nawa ɗaya ne. Injiniya ya zama ɗan garinmu. In jirgi ya lalace a can sama, wa zai samo maku kayan gyara?"

"Shi ya sa za su shekara ɗari ba su dawo ba, ya sa masu jabu."

Suka koma kan Garwa. Boniface na so a yi shi da kwamfuta, Alhaji ya rantse in ba maƙeri ne ya ƙera shi da garwar gaske ba, ba zai kalla ba. Sannan aka shiga batun yadda mutanen jirgin za su ga watan azumi alhali sun baro watan a baya. Dattawa biyu masu jikoki, jijiyoyin wuya a tashe! Musiliu ya ji kamar ya kwaɗa masu rimot.

Khairiyya ta juyo da wayar kansa. "Baba Musiliu, ku kaɗai kuka ga ƙarshen. Ku ba mu shi tiryan-tiryan, kafin ku tafi."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Kashe wannan abin, 'yata." Ya dubi Alhaji Ari. "Ari, ban ga komai ba. Janaretan kawu bai tashi ba. Ni na ƙirƙira, daga saukar jirgin har karen. Ka yafe mini."

Boniface ne ya fara fashewa da dariya.

"Haba Musiliu! Ni da na gani da idona da aka maimaita shirin? Karen ma baƙi ne, mai farin wuya."

"Ba a taɓa maimaitawa ba! Karen kuwa na maƙwabcinmu ne, mai gyaran keke!"

"To ya aka yi na san kalarsa?"

"Ni na gaya maka!"

"Zumuɗin tafiya ne," Boniface ya ce wa Khairiyya, murya ƙasa-ƙasa. "Haka yayana ya yi da zai hau jirgi, har sunan matarsa ya manta."

Ran Musiliu ya ɓaci iyakar ɓaci. Shekara arba'in yana tsoron ranar da za a kira shi maƙaryaci, yau ga ta ta zo, kuma a kan gaskiyar da ya faɗa. Ya yi rantsuwa, ya ce a kira ɗan kawunsa da suke tare a ranar a waya a tambaye shi. Boniface ya ce ɗan kawun nan ai tun yana yaro ba ya riƙe abu a kansa. Khairiyya ta rasa wanda za ta kalla.

Alhaji Ari dai yana ta juya hularsa a gwiwa. Da aka kira magariba ya miƙe, Musiliu ya bi shi har bakin titi, ya riƙo hannun rigarsa.

"Ari, jibi zan tafi. Kalma ɗaya nake nema, kada ka bar ni haka."

Alhaji ya daɗe yana kallon masu adaidaita suna wucewa.

"Na yafe maka, Musiliu. Wanda na sani da wanda ban sani ba, duniya da lahira. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya."

Musiliu ya sauke ajiyar zuciya. "To yarinyar nan fa? Me za ta ɗauka?"

"Abin da ya faru mana," in ji Alhaji Ari, ya kafa hularsa ba tare da ya dube shi ba. "Mutumin ya dawo gida."