Hannun da Ya Ƙi Kaiwa Baki

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Wasu sun tambayi 'yata ko na mutu. Ina nan, tsufa ne da sanyin ƙasar mutane.

Abin da ya sa na yi magana, jiya wani ya sa hoton ɗansa da gwiwar hannu ta sandare bayan karaya, jama'a na ta cewa a danne shi a lanƙwasa da ƙarfi. Ni an yi mini haka. Bari in faɗa muku yadda ta kaya.

Ina shekara takwas, kafin a ba da mulkin kai, na zame daga kan Goron Dutse na faɗi a kan hannun dama. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura.

Baba, baduku ne, ya kai ni wurin mai ɗori a Gwale. Ya ja hannun ya miƙe shi sambal, ya jera karan dawa ya ɗaure da tsumma. Ya ce kada a kwance sai kwana arba'in.

Ƙashi ya haɗu, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da aka kwance, hannun ya ƙi lanƙwasuwa. Yana motsi kaɗan, sai ya tsaya cak.

Ba ciwon ne ya fi damuna ba. A gidanmu maza akushi ɗaya suke ci a zaure. Na ɗebo tuwo da dama, ya ƙi kaiwa baki. Na sa hagu.

Baba ya ce, "Ba a gabana ba. Tashi ka shiga ciki."

Daga ranar a bayan ɗakin Inna nake ci, ni kaɗai.

Aka mayar da ni wurin mai ɗori. Ya shafa man shanu, mutum biyu suka riƙe ni, ya danna. Sau uku ana haka. Kowane zuwa gwiwar ta kumbura, ta ƙara tauri.

Inna ce ta ce ya isa. Ita ba ta fita, sai ta roƙi ƙaninta ya kai ni asibiti. Baba bai hana ba, bai kuma raka mu ba. Tsoronsa a yanke hannun. Ni ma shi ne tsorona.

Muka yi layi tun hantsi. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita Bature ya ɗaga shi a taga ya duba, ya yi magana, wani ma'aikaci, Malam Garba, ya fassara: ba sai an yi aiki ba tukuna, jijiyoyi ne suka ɗaure saboda daɗewa a miƙe, dannawar kuma ta ƙara ɓata su.

Kawu ya ce, "To wane magani za a ba shi?"

Malam Garba ya ce, "Ruwan ɗumi da haƙuri. Kada kowa ya ƙara taɓa masa hannu. Shi zai lanƙwasa da kansa, inda ya ji zafi ya tsaya."

Aka yi mini mariƙi na filasta da nake sawa in na kwanta. Duk bayan mako biyu mu koma, a auna, a sake wani da ya fi lanƙwasa kaɗan.

Inna ta ƙara nata. Ta samo ludayin duma mai dogon hannu, ta ce da dama zan riƙa shan koko da shi. Duk Juma'a ta yanke kamar faɗin yatsa daga hannun ludayin.

Na ce, "Inna, ba ya kaiwa."

Ta ce, "To miƙo wuyan, ai ba shi ya karye ba."

Wani makon ba a samun komai. Akwai lokacin da na yi wata guda a wuri ɗaya, na jefar da ludayin. Ta ɗauko ta wanke ta ajiye mini.

Wata bakwai. Ranar nan na tsinci kaina ina lasar yatsan hannun dama. Inna ta gani, ta aika a faɗa wa Baba.

Da azahar ya leƙo ya ce, "Kai, wanke hannu ka zo." Shi ke nan. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya. Abin da ya sani ya yi, amma ni na zauna a bayan ɗakin Inna.

Har yau hannun ba ya taɓa kafaɗa. Na yi rubutu da shi, na yi aiki da shi shekara arba'in.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Inna da Malam Garba, Ya jiƙan Baba da mai ɗorin ma.

Uban yaron nan, ka kai shi a ɗauki hoto kafin komai. Wani sai an yi aiki, likita ne zai faɗa, ba mu ba. In an ce motsa jiki, a yi kullum, a hankali, kada a danna. Za ka gaji kafin ka ga canji.

Kafin nan, ka bar shi ya ci abinci kusa da kai, ko da wane hannu ne.