Gidan da Muka Saya a Zaman Makoki

Ko da zan manta ranar da na fara taka ƙasar nan ta Amurka, ba zan manta da cinikin gidanmu na unguwar Port Richmond ba. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in hadari ya haɗu sai raina ya ɓaci tun kafin a fara yayyafi.

Lokacin muna haya a unguwar Soundview, can saman bene, ni da maigida da yaranmu. Shi yana tuƙin tasi, yana jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, ni kuma ina aikin jinya a asibiti. Burina ɗaya ne tak: in sami gida mai ɗaki a ƙasa in ɗauko mahaifiyata daga Kano. Gwiwoyinta sun daina hawa bene, kuma tun rasuwar mahaifinmu take zaune ita kaɗai.

Sai aka ce wani Alhaji, ɗan kasuwa mutumin Nijar, zai sayar da gidansa. Dattijo ne, ɗan sahun gaba a masallaci, irin waɗanda ake kira in za a ɗaura aure. Gidan yana da ɗakin ƙasa, wanda a nan ake cewa besmen, da ƙofarsa daga tsakar gida, ya sha sabon fenti fari fat. Ina shiga na zaɓi inda gadon Hajiya, mahaifiyata, zai zauna.

Muka sa hannu a yarjejeniya, muka ba da kafin alƙalami, gumin shekarunmu. Lauyarmu ta yi mana bayani dalla-dalla: akwai wa'adi. A cikinsa za mu kawo mai duba gida, shi kuma Alhaji ya ba mu takardar da ke bayyana duk aibin da ya san gidan na da shi. In muka ga abin da bai yi mana ba, mu fasa, a mayar mana da kuɗinmu. Wa'adin na cika kuwa, bakin alƙalami ya bushe.

Ana cikin haka ƙanin Alhaji ya rasu a Maraɗi. Aka buɗe zaman makoki a gidan nan da za mu saya, mata a sama, maza a ɗakin ƙasa a kan kafet. Ni da hannuna na dafa shinkafa kula guda na kai.

Da na ga kwanaki na tafiya, na tuna wa maigida batun duba gidan. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Haba, ki ji tsoron Allah. In kawo inspector, mai duba gida, da tocila yana ƙwanƙwasa bango, mutane na karɓar gaisuwa? Da wane ido zan kalli jama'a?"

Lauya ta ce to a ƙara wa'adin a rubuce, sa hannu ɗaya ya isa. Na matsa wa maigida, bayan sadakar uku ya ja Alhaji gefe yana sosa ƙeya. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji amsar da kunnena.

"Haba ɗana, wane irin papier, wace irin takarda tsakaninmu? Ku ɗauki lokacin da kuka ga dama. Maganata ta hi sa hannu."

Maigida ya dawo har da yi mini gori, wai ni Amurka ta cinye ni, ban san mutunci ba. Na haɗiye maganar, don dattijo mai makoki ba a ce masa rubuta.

Wa'adi ya cika. Washegari, ba jibi ba, takardar aibin gida ta iso daga lauyansa. A ciki an rubuta ƙarara cewa duk aka yi ruwa mai ƙarfi ɗakin ƙasa yana sha, bangonsa ya tsage, liƙe shi aka yi aka shafa fenti.

Muka same shi a shagonsa yana lissafi da wani dillali.

"Alhaji, kai fa ka ce mu ɗauki lokaci," in ji maigida.

"Ni? Mutum cikin makoki ya san abin da bakinai ka hwaɗi? Gaskiya dai na ba ku ita a rubuce. Sauran magana ku yi da avocat, lauyana."

Wallahi ban taɓa jin tsanar mutum irin ta ranar ba. Mutuwar ɗan'uwansa gaskiya ce, hawayensa ma wataƙila gaskiya ne, amma bai manta da kalanda ba. Lauya ta ce ana iya shari'a, sai dai za ta ja, kuma maganar baka ba ta da nauyi. Manyan masallaci suka ce a yi haƙuri, ba a kai ɗan'uwa kotu. Babu wanda ya ce wa Alhaji uffan. In mun fasa, kafin alƙalami ya tafi, sai muka sayi gidan.

Muka yi gyaran da za mu iya, Hajiya ta zo. Ruwan farko mai ƙarfi, na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a kan gado ta naɗe ƙafafu, dardumarta da takalmanta suna yawo a kan ruwa. Muka kwashe, muka sake gyara, amma danshi ya ƙi barin ɗakin, tari ya kama ta. Na mayar da ita falo. Mace mai kunyar suruki, ina za ta iya kwana inda mijin 'yarta ke wucewa? Ta ce a saya mata tikiti.

A filin jirgi ina kuka, ta riƙe hannuna ta ce, "Daina, uwata. Ɗakina na gida ƙarami ne, amma a bushe yake."

A can ta rasu, ita kaɗai kamar yadda na ji tsoro. Ko jana'iza ban samu ba.

Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, ni kam na san nawa take ci. Yanzu duk wanda ya zo neman shawarar sayen gida, abu ɗaya nake gaya masa: ka je ta'aziyya, ka kai abinci, ka yi addu'a da zuciya ɗaya, sannan ka miƙa biro. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.